Kafin ka tafi kallon tsuntsaye a Dagona: madubi ko kyamara?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, duk mai shirin zuwa Dagona a Yobe ko Baturiya a Jigawa kyamara yake fara tambaya. Ni kuwa cewa nake a fara da madubin hangen nesa. Kirinjijiya da dinya ba sa bari a matso su, kuma tsuntsun da idonka bai gano ba a cikin kacala, doguwar ciyawar da ke fitowa a ruwa, kyamara ba za ta nemo maka shi ba.

A jikin madubi za ka ga lambobi biyu, misali 8x42. Ta farko tana nufin sau 8 yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Mai 10x42 ya fi jawowa, amma zauna da shi a kwalekwale ka gani: ruwa na motsi, hannu na rawa, zalɓen da kake kallo ma sai ya riƙa rawa. Mai 10x50 yana tara haske da asuba, sai dai nauyinsa ya kusa kilo ɗaya, kafin azahar wuyanka ya gaji. Ni 8x42 na zaɓa, wanda ruwa ba ya shigarsa, domin filin da yake nunawa ya fi faɗi, kana iya bin garke da shi idan ya tashi. Madubai masu zum ɗin nan, waɗanda ake ƙara musu ƙarfin jawowa ana ragewa, da ake tallansu da manyan lambobi, ka bar su a kasuwa. Kowanne za ka saya, ka kalli wayar lantarki da shi tukuna. In ta rabu biyu, mayar wa mai kaya abinsa.

Sai kyamara. Wayar hannu ta isa ɗaukar masunta da faɗuwar rana, amma gauraka daga nesa ɗigo zai fito. Kyamarori masu gilashi a haɗe, irin Nikon P950 mai jawowa sau 83 ko Canon SX70 mai sau 65, su suka fi dacewa da sabon shiga. Ba a cire musu gilashi, don haka ƙurar hunturu ba ta cika samun ƙofa ba. Rauninsu ƙarancin haske da tsuntsu mai tashi.

In hoton da za a buga babba kake so, nemi babbar kyamara ta gwanjo da dogon gilashin Sigma ko Tamron mai milimita 150 zuwa 600. Gilashin kaɗai ya kai kusan kilo biyu, kuma kuɗinsa kan fi na kyamarar. Kafin ka biya, haska cikinsa da tocila. Idan ka ga fari-fari kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, kuma gyaranta na da wuya.