Na'urar wuya, ta kai, ko ta fata: wacce za ta taimaki hannun Baba?

Ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo har yana zuwa masallaci da sanda, amma hannu ya ƙi. Yayanku da ke Faransa ya turo bidiyon wata na'ura da ake dasawa a ƙirji, wani ya ba ku labarin wadda ake ɗorawa a kai, ke kuma kin ga ƴar ƙaramar da kine, wato mai koya wa majinyata motsa jiki, ke liƙa wa mutane a damtse, kina tambaya wacce za ku nemi kuɗinta. Aikin kine nake yi nan Damagaram, bari in jera miki su ukun.

Ta bidiyon yayanki sunanta Vivistim, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Agustan 2021. Tiyata ake yi, a binne ƴar na'ura kamar akwatin ashana ƙarƙashin fatar ƙirji, a ja waya zuwa wuya ta hagu, a naɗa ta jikin wata jijiyar saƙo da ake kira bagus. Ba hannu take ba kuran ba. Duk lokacin da majinyaci ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ko ya juya makulli, kine ya danna maɓalli, kuran na rabin daƙiƙa ya bi jijiyar ya hau ƙwaƙwalwa, ta saki sinadaran da ke sa ta riƙe abin da ta koya a daidai wannan lokacin. Idan mutum bai motsa ba, babu abin da za ta riƙe.

A cikin ukun ita ce ta fi ƙwaƙƙwarar shaida. Binciken da Farfesa Jesse Dawson na Jami'ar Gilasgo ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2021, ya ɗauki mutum 108 a Birtaniya da Amurka. An dasa wa kowa na'urar, amma kusan rabinsu ne kawai aka ba kuran ɗin gaske. Dukkansu sun yi atisaye sau 3 a mako har mako 6, sannan suka ci gaba a gida. A ma'aunin hannu mai maki 66, masu kuran sun ƙaru da maki 5, sauran da 2.4. Bayan kwana 90, kashi 47 cikin ɗari na masu kuran sun sami sauƙin da ake gani, sauran kashi 24. Ki duba da kyau: ko da tiyata da komai, fiye da rabi ba su kai wannan matsayi ba. Kuma waɗanda aka ɗauka sai wanda ya yi wata 9 zuwa shekara 10 da ciwon, kuma wanda jijiyar jini ce ta toshe masa a ƙwaƙwalwa, ban da wanda ta fashe. Ga kuɗin jirgi, ga na tiyata, ga zaman makonni a ƙasar waje kusa da kine mai riƙe da maɓallin. Ba zan ce ku sayar da fili saboda ita ba.

Na'urorin kai iri biyu ne, kuma ba a yanka kowa. Akwai ta maganaɗisu, wadda aka fara gwadawa a Shefil ta Ingila a 1985, babbar na'ura ce ta gidan likita. Akwai kuma ta ɗan kuran mai rauni da ake sa wa ta soso biyu masu jiƙe da ruwan gishiri, kamar minti 20. Dalilinsu yana da daɗin ji, wai ɓangaren ƙwaƙwalwa mai lafiya yana danne wanda ya ji ciwo, sai a kwantar da wannan ko a zaburar da wancan. Ƙananan gwaje-gwaje sun ba da fata, amma da aka gwada ta maganaɗisun kan mutum 199 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna masu na'urar gaske da masu ta bogi duk sun samu sauƙi kusan daidai, domin dukkansu sun sha atisaye. Ta soson ma manyan gwaje-gwajen baya-bayan nan ba su nuna ta ƙara wani abu ba. Kada ku sayi irinta ta intanet ku ɗora wa Baba a kai.

Ta fata ita ce nake riƙewa da hannuna kullum. Ana liƙa faci biyu a bayan damtse, ƙasa da gwiwar hannu, kuran ya sa tsoka ta ɗaga wuyan hannu ta buɗe yatsu. Tana kuma taimakon kafaɗar da ta saki, musamman a watannin farko. Tana da arha, da batir take aiki, ɗaukewar wuta ba ta hana ta. Amma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Akwai wani dattijo badukun Birni da nake dubawa. Ranar farko da yatsunsa suka buɗe sai matarsa ta yi kabbara, ƴaƴansa suka ce hannu ya warke. Na kashe na'urar, yatsu suka koma suka dunƙule. Na ajiye goro ɗaya a kan tabarma, na ce: "Baba, kai za ka fara buɗewa, ni sai in taya ka." Ya yi ta nishi, gumi na zuba, babban yatsa ya ɗan motsa, sannan na kunna. Haka muka yi watanni. Yau yana riƙe butar alwala da wannan hannun, yana jan carbi a hankali. Basilla dai ba ta koma hannunsa ba, kuma ban taɓa yi masa alkawarin za ta koma ba.

Ita ma tana da haɗarinta. Na ga wata baiwar Allah da aka saya wa irinta hannun wani mai talla, jikokinta suka ƙure ƙarfin saboda ba ta ce wayyo ba. Fatar ce ba ta ji, da aka ɓare facin sai ga ƙuna. Mai batirin zuciya, mai farfaɗiya, mai juna biyu, da wanda ke da gyambo a wurin, duk sai lokotoro ya duba tukuna.

To da ni ce ke, kuɗin da yayanku zai turo zan raba shi tsakanin zuwa wajen kine a kai a kai, kuɗin kabu-kabu ko adaidaita, da maganin tansiyo, don ciwon nan yana dawowa idan aka yi wasa da hawan jini. Akwai ma dabarar da ba ta buƙatar kuran ko kaɗan: a sa wa hannu mai lafiya safa, a tilasta wa mai ciwon yin aiki. An gwada ta kan mutum 222 a Amurka, sakamakon ya fito a 2006, mako biyu na atisaye mai tsanani sun kawo sauƙin da ya ɗore har shekara. Sai dai tana son wanda wuyan hannunsa da yatsunsa sun fara ɗagawa da kansu.

Wannan za ki duba mini yau da dare. Ki ɗora damtsen Baba a kan matashi, tafin hannu na kallon ƙasa, ki ce ya ɗaga wuyan hannun, sannan ya buɗe babban yatsa da wasu biyu. Ki lura da abin da ya motsa, ko ɗan ƙanƙani ne. Ki kuma nemo takardar sikanan da aka yi masa a likita, ku tafi da ita wajen kine, a ga ko toshewa ce ko fashewa. Ki gaishe mini da shi.