Gilashin ƙara girma na waya: abin da ya nuna mini a jikin sarauniyar tururuwa

Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a bana, ƙwari suka cika ƙarƙashin fitilar tsakar gidanmu. Washegari da safe 'yata ta shigo da murfin kwalba a hannu tana cewa, "Baba, zo ka ga shinge marar fiffike." Ina dubawa na san ba shinge ba ne. Shinge dangin gara ne, jikinsa a miƙe yake babu ƙugu. Wannan kuwa ƙugunta siriri, ƙahonninta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, ga doro ƙato. Sarauniya ce da ta yi tashin barbara ta karya fikafikanta, tana neman inda za ta kafa gida. Amma wace iri? Kyamarar wayata ba ta nuna komai sai ɗigo mai ruwan ƙasa.

Dalilin da ya sa na sayi ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a kan kyamarar waya ke nan, a wani shagon kayan waya. Ko sunan kamfani babu a kwalinsa, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Ranar farko na kusa jefar da shi. Sai ka kai wayar kamar faɗin yatsa biyu daga abin da kake ɗauka kafin hoto ya fito, a nan kuma inuwar wayar ta rufe hasken. In kai ya fito tar, ciki ya dushe. Maƙalin ma santsi gare shi, ga wayata mai ido uku, da na matsa kusa sai ta sauya ido da kanta in ga baƙi ƙirin. Ita kuma sarauniyar ba ta san zama ba.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce sanyi. Na sa ta a kwalba, na sa kwalbar a cikin kular ƙanƙara na 'yan mintoci har ta lafa, 'yata ta haska tocila daga gefe, na jingina gwiwar hannuna a kan tabarma. Nan gilashin ya biya kuɗinsa. Na ga tabon fikafikan a gefen doronta sarai. Na ga ƙulli ɗaya ne tak a ƙugunta, wanda ya nuna ba tururuwar da muka sani mai jidar hatsi ba ce, wato Messor, domin ita ƙulli biyu gare ta, da wani gemu na gashi a ƙarƙashin kai. Cinnaka ma ya fita, don wannan ta ninka shi girma nesa ba kusa ba, kuma jikinta ruwan zuma ne da duhu-duhu a ciki.

Na ɗauki hoto uku, fuska da gefe da sama, yadda ake jera su a AntWeb, shafin intanet na hotunan tururuwa, na ɗora a iNaturalist, shafin da mutane ke taimaka wa juna gane halittu, tare da wuri da kwanan wata. Mutum biyu suka ce 'yar dangin Camponotus ce, suka tsaya a sunan dangin. Zuciyata ta fi karkata ga Camponotus maculatus, irin doguwar nan mai yawon dare a kan sukari, amma dangin suna da yawa kuma suna kama da juna, sannan yawancin bayanan rarrabewa a kan tururuwa ma'aikata aka rubuta su, ba sarauniya ba. Ƙananan gashin da ake ƙirgawa a kumatu da ƙafa kuwa sun fi ƙarfin wannan gilashi, aikin madubin ɗakin gwaji ne.

Ga malamin makaranta ko mai son nuna wa yara abin da ido ba ya gani, ina ganin ya cancanci saye, in dai mutum yana da haƙuri da hannu marar rawa. Wanda ke son cikakken suna har ƙarshe, kada ya dogara da shi kaɗai.

Yanzu tana cikin kwalbar gwaji, ruwa a ƙasa an toshe da auduga, a cikin akwatin da uwargida ta ce kada ya kuskura ya kusanci kicin ɗinta. Irin wannan sarauniya ba ta buƙatar abinci sai 'ya'yan fari sun fito, da abin da ta tara a jikinta take renon su. Jiya mun leƙa mun ƙirga ƙwai bakwai. In ma'aikatan sun fito zan sake ɗaukar hoto in ɗora.