strace a ma'auni: mai tona asirin kuskuren soket

Masu kula da kwamfutocin ofisoshin Umara a Misfala da Shara Mansur a Makka sun san wannan ciwon kan: manhajar rajistar baƙi ta tsaya cik, rahotonta kuma bai ce komai ba sai "matsalar haɗi". Wace matsala? Oho. A nan strace, manhajar bin diddigin abin da wata manhaja ke yi a Linux, ke da rana. Kyauta ne, `apt install strace` ya wadatar. Paul Kranenburg ya rubuta shi a 1991 don SunOS, daga baya aka kawo shi Linux.

Yana zama ne tsakanin manhaja da kanel, wato zuciyar Linux da ke kula da na'ura, yana rubuta abin da manhaja ta nema da amsar da ta samu. A maƙala shi da `strace -f -tt -yy -p` sai lambar aikin (PID) na manhajar da ke gudana. Wannan `-yy` ɗin kada a bar shi, shi ke nuna adireshi da tashar (port) kowane soket, wato ƙofar da manhaja ke haɗawa da wata na'ura ta cikinta, maimakon lamba tsirara.

Inda ya fi burgewa shi ne kuskuren da mai rubuta manhaja ya haɗiye. Soket marar jira ya kira `connect`, kanel ya amsa EINPROGRESS, wato ana kan haɗawa, `poll` mai gadin soket ya ce za a iya aika bayani, manhaja ta ɗauka an haɗu. Alhali sai an tambayi `getsockopt` da SO_ERROR, don `poll` yana farkawa ko da an ƙi haɗin. A strace za ka ga babu wannan kiran, gyaran kuma layi kaɗan ne. Haka ma `send` zuwa ga wanda wifin otal ya yanke kuma haɗinsa ya rushe: siginar SIGPIPE daga kanel ta kashe manhajar ba sallama. Sa MSG_NOSIGNAL a `send` ke sa a samu kuskuren EPIPE a madadin haka, manhajar ba ta mutu ba. In kuwa `accept` na ta maimaita EMFILE, wato fayiloli da soket da ke buɗe sun yi yawa, an manta `close` ne a wani reshen kuskure har aka cinye iyakar 1024 da aka saba samu.

Bayan gyara, `-e inject=connect:error=ECONNREFUSED` zai ƙirƙiro kuskuren da gangan, ba sai ka zare waya ba.

Amma yana da aibu. Nauyi ne da shi, domin `ptrace`, hanyar da strace ke bi ya maƙale, na tsayar da manhaja a shiga da fitar kowane kira. Kunna shi a kan uwar garke a goman ƙarshe na azumi, layi har bakin ƙofa, ganganci ne. A gwada a wata na'ura tukuna. Sannan `-e trace=%network` ba ya ɗauko `read`, `write` da `close`, sai an ƙara su da hannu, kuma mai farautar soket da ba a rufe ba `close` yake nema. Abin da ke gudana a kan waya ma ba ya gani, wannan aikin tcpdump ne, manhajar duba bayanan da ke wucewa a hanyar sadarwa. A Ubuntu sai da `sudo` yake maƙalewa aikin da ke gudana.