Gugong ko Yiheyuan: wanne za a shiga idan yini ɗaya ne?

Alhaji, tunda yini ɗaya gare ka a Beijing kafin ka koma Guangzhou, bar zancen Yiheyuan, fadar shaƙatawar sarakuna, ka nufi Gugong, tsohuwar fadar sarakunan Sin. Dukansu na shiga da kuɗina.

Abin kallo a Gugong shi ne Taihedian, babban zauren karagar mulki. A 1420 aka gama fadar, amma gobara ta sha cinye zauren. Wanda ke tsaye yanzu ginin 1695 ne, zamanin Sarki Kangxi. Yana bisa dandamalin farin dutse hawa uku, ginshiƙai 72 ke ɗauke da shi, shida na kusa da karaga an lulluɓe su da ruwan zinare da zanen dodanni. Ba a shiga, daga bakin ƙofa ake leƙawa, ga turereniya. Ni wani dattijo ɗan ƙasar ne ya matsa mini, ya ja hannuna yana nuna mini sama: wani ƙwallo mai ƙyalli rataye a bakin dodo. Wai duk wanda ya hau karagar ba da haƙƙi ba, a kansa zai faɗo.

Kuma ba nan ake zaman fada kullum ba. Sai ranar naɗin sarki, ko aurensa, ko zagayowar haihuwarsa, ko sabuwar shekara, ko bikin tsakiyar hunturu. A irin wannan rana, manyan fadawa kan jeru a filin gaba, kowa a alamar muƙaminsa, a kaɗa bulala wuri ya yi tsit, a durƙusa sau uku, goshi a ƙasa sau tara. Filin nan ko bishiya ɗaya babu, don haka ka riƙe laima. A zauren ne aka naɗa Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a 1908, bai ma cika shekara uku ba.

Yiheyuan kuwa tafki ne da lambu, da ɗan zauren da uwar sarki Cixi ta yi zaman mulki. Ba laifi, amma ƙafa ya ci mini.

Hattara da masu tare mutum a wajen Tiananmen, babbar ƙofar da ke gaban Gugong, suna cewa tikitin Gugong ya ƙare, su suna da shi. Tikitin da lambar fasfonka ake yanka shi ta intanet, yuan 60 daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 a sauran watanni, kuma yakan ƙare da wuri. Haka masu Turanci mai daɗi da ke gayyata shan shayi, kuɗin da za a caje ka sai ka riƙe baki. Ranar Litinin akan rufe Gugong.