Wane Irin Gini Ya Dace da Shanu, Kuma Wane Kwano Za a Rufa Masa?

Duk wanda zai gina wa shanunsa matsuguni, zaɓi uku ne a gabansa: ginin bulo da siminti rufaffe, rumfar ciyawa, ko kuma buɗaɗɗiyar rumfa mai dogon rufi da gajeriyar katanga. A ganina ta ukun ce ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Saniya, musamman mai ba da madara da yawa, jikinta na fitar da zafi ƙwarai, kuma da zarar yanayi ya haura digiri 25 sai cin abincinta ya fara raguwa, madara ta bi baya. Don haka abin da take buƙata daga gini shi ne inuwa da iska mai wucewa. Buɗaɗɗiyar rumfa tana samar da duka biyun ba tare da fanka ko wutar lantarki ba, muddin an shimfiɗa tsawonta daga gabas zuwa yamma, an ɗaga bakin rufin ya kai mita 4, sannan an bar kafa a ƙololuwarsa, kimanin santimita 5 ga kowace mita 3 ta faɗin ginin, domin zazzafar iska da warin fitsari su fice ta sama. Katangar tana iya zama ta tubalin ƙasa da aka matse da ɗan siminti kaɗan. Rufin ma yana da wani amfanin: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana ba da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wanda indararo zai kai tanki. Idan aka ɗan karkata daɓen zuwa kwata, kashi da fitsari za su taru wuri guda, su zama taki ko iskar gas ta girki.

Rufaffen ginin bulo yana cin siminti da yawa, yana kuma tara danshin da ke jawo wa maruƙa ciwon huhu. Rumfar ciyawa akwai sanyi, sai dai gobara da gara ba sa barin ta ta daɗe.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen sayen kwano. Tururin fitsarin shanu yana cin ƙarfe fiye da yadda yake lalacewa a rufin gida, kuma na taɓa ganin rufin da aka sayar mini a matsayin mai kaurin milimita 0.45 ya huje da tsatsa kafin ginin ya tsufa, ashe rabin wannan kaurin ne aka lulluɓe da fenti mai sheƙi. Kada mai saye ya yarda da rubutun da ke jikin kwanon ko rantsuwar mai shago. Ya zo da ma'aunin kauri, ya zaro falle daga tsakiyar bandir ya auna, domin akan ɗora masu kyau a sama. Ya kuma tambayi nauyin sinadarin hana tsatsa da aka shafa, inda alamar Z275 ke nufin giram 275 a kowace murabba'in mita. Kwanon alminiyam ya fi jure wannan tururi, amma shi ma ana sirance shi. Haka katako: wasu koren launi kawai suke shafa masa su ce an jiƙa shi da maganin gara, saboda haka a yanke bakinsa a ga ko maganin ya ratsa ciki. Tsohon rufin asbestos kuwa, ko kyauta aka bayar a ƙi karɓa, domin ƙurarsa tana haddasa kansar huhu.