Ziyarar Ƙal'ar Salahuddin da kamfanin Umararmu ya shirya: an yi mana rowar lokaci

Ni magini ne, shekara ashirin da 'yan kai ina fama da bulo da siminti tsakanin Tudun Wada da Rigasa, don haka a yi mini uzuri idan na fi daɗewa a jikin bango. Umarar da muka yi ni da Hajiya, wani kamfanin tafiye-tafiye na nan cikin garin Kaduna ne ya shirya, kuma ga wanda ya ƙara kuɗi akwai kwana biyu a Alƙahira a hanyar dawowa, har da ziyarar Ƙal'ar Salahuddin, wato tsohuwar fada mai ganuwa da ke kan tudu, tare da ɗan rakiya mai jin Hausa. Mutum uku sun tare ni a masallacin unguwa suna tambaya ko ta ci kuɗinta, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

An ce mota za ta zo otal ƙarfe takwas, sai goma saura ta iso. Kafin mu hau tudun rana ta riga ta buɗe. A wurin tikiti kuma ba a karɓar tsabar kuɗi sai kati, abin da babu wanda ya gaya mana tun a gida. Wani dattijo ɗan Unguwar Sanusi da ya canzo kuɗin Masar ya cika aljihu haka ya tsaya riƙe da su, sai ɗan rakiyarmu ne ya biya masa.

Wannan yaron shi ne alherin tafiyar. Bazazzage ne, yana karatu a Azhar. Da ya ji sana'ata ya ce, "Baba Alhaji, ai yau kai za ka koya mini." Tsarin kamfani shi ne a kai mutane babban masallacin Muhammad Ali, wani tsohon mai mulkin Masar, a yi hotuna, a juya. Masallacin ya isa kallo, ba na musu: ƙubbobi irin na Turkiyya, hasumiyoyi biyu sirara masu tsawon mita 82, bango lulluɓe da farin dutse mai sheƙi. Hajiya ta kusa cika waya da hotuna. Sai dai a 1830 aka fara gina shi. Salahuddin kuwa a 1176 ya sa aka fara aikin ganuwar, tsakaninsu shekara fiye da 650. Mutum sai ya je ya dawo yana cewa ya ga ginin Salahuddin, alhali ko dutse ɗaya na zamaninsa bai taɓa ba.

Na ce wa yaron, "Malam, ni bangon asali nake so." Ya roƙi wakilin kamfani minti arba'in, muka bar mata a inuwa, mu biyar muka nufi ɓangaren arewa. Da tafiya, kuma ba inuwa.

Can ne na samu abin da na biya wa kuɗi. Bangon ya kai kamar mita 10 a tsaye, kaurinsa wajen mita 3, duk sassaƙaƙƙen dutse. Na sa tafin hannu a mahaɗar duwatsu biyu, na tuna yadda nake faɗa da birkiloli a kan layin bulo da ya karkace tun ba a kai linta ba. Wannan ya haura shekara 800 bai saki layi ba. A cikin hasumiya akwai kafofin harba kibiya. Daga ciki wurin da faɗi, mutum zai tsaya ya juya kafaɗa ya ja baka, amma yana tsukewa har ya zama 'yar tsaga a waje. Na tsuguna na leƙa. Kana ganin duk mai tahowa, shi kuwa sai dai ya ga ɗan baƙin layi a bango. Hasumiyoyi biyu na kusurwar gabas, Burjul Ramla da Burjul Haddad, da farko ƙanana ne. Sarki Alkamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, bai rushe su ba, sai ya yi musu riga da sabon gini ya kewaye su suka ƙara kauri. Duk wanda ya taɓa ƙara wa tsohon gida ƙarfi ba tare da ya fitar da masu gida ba ya san wannan dabarar.

Abin da ya ba ni mamaki, shi Salahuddin bai zauna a ciki ba. Wazirinsa Ƙaraƙush ne ya tsaya a kan aikin, da fursunonin yaƙi a matsayin leburori, wasu duwatsun ma daga ƙananan dalar Giza aka kwaso su. Salahuddin yana can fagen fama a Sham har ya rasu a Dimashƙa a 1193. Alkamil ne ya tare, kuma daga nan aka riƙa mulkin Masar wajen shekara 700, sai a 1874 aka sauko da fada cikin gari. Yaron ya ce, "Ka ga Baba, an fara wannan ganuwa a daidai ƙarnin da Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano." Na ce to, su dutse Allah ya ba su, mu jar ƙasa, kuma da mun kula da tamu kamar yadda suka kula da tasu, da ganuwar Zazzau ba ta zama wurin ɗibar ƙasar gini ba.

A hanyar komawa muka leƙa masallacin Annasir Muhammad na 1318. Ginshiƙansa ba su yi kama da juna ba, don daga tsofaffin gine-gine aka tattaro su, wani gajere sai an yi masa dakali a ƙasa kafin ya kai tsawon ɗan'uwansa. Ni ya fi kwanta mini a rai fiye da babban. Daga farfajiyar sama kuma yaron ya nuna mana siririyar hanyar da ke gangarawa Babul Azab, inda a 1811 Muhammad Ali ya gayyaci manyan Mamluk, wato jaruman da suka daɗe da iko a Masar, biki, aka rufe ƙofa da su a ciki, aka buɗe musu wuta daga sama. Wurin ya yi tsit ba ka ce an taɓa yin haka ba.

Saura rijiya. Tun a mota yaron yake ba mu labarin Rijiyar Yusuf, wadda aka haƙa cikin dutse zurfin fiye da mita 80, hawa biyu, da shanu a tsakiya suna juya na'urar jawo ruwa. Mutane kan zaci ta Annabi Yusuf ce, alhali sunan Salahuddin ɗin ne Yusuf ɗan Ayyuba. Ganuwa a kan tudu ba ruwa ai kurkuku ce, don haka ita na fi ɗokin gani. Ko kusa da ita ba mu je ba. Wakilin kamfani ya dinga kiran waya wai lokaci ya ƙure. Da muka shiga mota sai ga mu a shagon turare, inda muka shafe awa ɗaya da rabi ana shafa mana a hannu. Awa biyu a ganuwa, awa ɗaya da rabi a shagon da ba ya cikin takarda.

Da na dawo Kaduna na je ofishinsu na faɗa musu. Sun ba da haƙuri, sun ce yawancin alhazai hoto da tsaraba suke so. Wataƙila gaskiyarsu ce. Otal ɗinsu ba laifi, abinci ma haka, kuma ba a ɓatar mana da kaya ba. Wanda zai bi su, ya sa a rubuta masa awa huɗu a Ƙal'a tun kafin ya biya, ya tafi da kati da takalmi mara santsi, ya kuma tambaya ko ɗalibin nan Bazazzage yana nan. Sun ce mini bana yake gamawa.