Tocila uku a kan teburin ɗinki

Ni tela ne a Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Goman ƙarshe na azumi ba ma barci, wuta kuwa sai ta ga dama. Da tocila nake zaɓen zaren da zai hau shaddar mutane, shi ya sa nake da ta cewa a kanta.

Ta farko irin ta kasuwa ce, doguwa mai caji, an zabga dubban lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, a jikin kwalinta. Haske kam ba a magana, tana kaiwa ƙarshen lungu. Sai dai farinta ya karkata zuwa shuɗi, wajen 6500K a ma'aunin Kelbin, wanda ake auna launin haske da shi. Ka ɗora zare ruwan goro kusa da ruwan ƙasa ka haska, sai ka rantse daga ƙwarya ɗaya suka fito. Jan atamfa kuwa sai ya dushe. Dalili shi ne, farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne, ake shafa masa wani sinadari da ke mayar da wani kaso na hasken rawaya, kuma a masu araha ja ba ya samun rabonsa. Akwai ma'aunin da ake kira CRI mai nuna yadda haske ke fito da launi na gaskiya: rana tana da 100, irin waɗannan ba sa wuce 70 da 'yan kai. Na bar wa yara ita, su riƙa zuwa ɗebo ruwa.

Ta biyu Convoy S2+ ce, ƙanena ya yi mini odarta daga Chaina. Ƙwanta Nichia 519A ne, na kamfanin Japan, 4500K, CRI sama da 90. A kallon farko ba za ta burge ka ba, don ba ta kashe ido. Amma ka kwantar da ita a kan wuyan kaftani, sai kowane zare ya tsaya da launinsa: ruwan toka daban, ruwan ƙasa daban, har ƙyallin shaddar ka gani yadda yake da hantsi. Tsawonta wajen santimita 12, gidanta aljihun gefe. Batirinta mai caji ne, irin wanda ake kira 18650, kuma a nan a yi hattara. Na gaskiya galibi ba ya wuce kimanin 3500mAh, wato ma'aunin cajin da yake ɗauka, duk wanda ka ga an rubuta masa 9900 rubutu ne kawai.

Ta uku 'yar ƙarama ce, ba ta fi ɗan yatsa da yawa ba, batirin AA guda ɗaya take ci, wanda kowane mai tireda yana da shi. Tana zama a aljihun gaba tare da alli da tef, ba ta jan riga. In zare ya sarƙe a ƙarƙashin keke, cije ta nake yi a baki, hannu biyu na aiki. Haskenta 3000K ne, ja-ja kamar na aci-bal-bal, ga sauƙi ga ido da dare. Inda ta gaza guda ne: farar shadda sai ta koma ruwan madara a ƙarƙashinta, alhali rabin ɗinkin Sallah fari ne.

Don haka ƙaramar ce ke bi na masallaci da gida. Amma in mai kaya ya ce a yi masa aiki fari a kan fari, ko fari a kan ruwan madara, ba na yanke zare sai na kunna mai 4500K.